Ɗigon Ido a Watan Azumi

Aikina a ɗakin hoton ido shi ne riƙe kai. Mace za ta zauna a gaban na'ura, ta ɗora haɓa a kan wani ɗan ƙarfe, ta jingina goshi, ni kuma in tsaya a bayanta in dafe mata ƙeya da tafin hannu don kada ta motsa. Idan fatar idonta ta yi nauyi in ɗaga mata da yatsa. Idan ta tashi in goge inda haɓarta ta taɓa da auduga, in kira ta gaba. Ban yi boko ba, kuma ba wanda ya tambaye ni takarda. Hannuna ba ya rawa, shi suka gani.

Kafin wannan na yi surfe, na yi wankau, na soya awara a bakin tasha. Mijina ya rasu tun ina da sauran ƙarfi. Na binne 'ya'ya, na raini waɗanda suka rage. Ina shara a asibiti a Rano masu binciken suka zo daga Kano da akwatunansu, aka ba su wani ɗaki ta baya, suka toshe tagoginsa da baƙin ƙyalle. Suna neman macen da za ta riƙe mata, don matan ƙauye ba sa yarda namiji ya kama musu kai. Aka nuna ni.

Su biyu ne kullum a ɗakin. Akwai likita, mace ce ƙarama da ba ta kai 'yata ta fari ba, sai wani mai ɗaukar hoton, mutum mai sanyin magana. Dukansu Iya suke ce min.

Abin da suke ɗauka ba idon da kowa yake gani ba ne. Can ciki ne, bayan ido, inda jijiyoyin jini suke. Na'urar za ta haska sau ɗaya kamar walƙiya, sai hoton ya fito a kwamfuta: wani zagaye ja-ja kamar cikin kabewa, jijiyoyi sun bazu a kansa kamar saiwa. Masu ciwon suga suke bi. Likita ta ce suga yana cin waɗannan jijiyoyin a hankali har su fara yoyo, ba zafi ba ƙaiƙayi, mutum yana harkarsa sai ranar da duhu ya sauko masa. Don haka mutum ɗaya suke ɗauka yau, ya dawo bayan 'yan watanni a sake, a jera hotunan a ga inda ciwon ya nufa. Wanda nasa ya yi nisa su tura shi Kano. Tun ranar farko ta gaya min cewa abin da na gani a kwamfutar nan a ɗakin zai kwana. Na ce to. Ni dama ba mai yawan magana ba ce.

Da farko matan Dawaki da Saji da suka ji an ce hoto, sai su zo da zanin fita, ido ya sha kwalli. Wata tsohuwa da aka nuna mata nata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Yanzu saboda wannan na ari mayafi?” Kwallin ma sai da na goge mata shi kafin a fara.

Kafin hoto akwai ɗigo. Ana ɗiga magani a ido, ɗan baƙin tsakiya ya buɗe, na'ura ta samu ƙofa. Yana da yaji. Bayan nan rana takan zama abokiyar gaba har wajen la'asar, mutum ba zai iya zura zare a allura ba balle ya tuƙa mota, sai ya zauna a gindin darbejiyar tsakar asibiti ya jira. Kuma yana da ɗaci. Ido aka ɗiga wa, amma jim kaɗan sai ka ji shi a maƙogwaro, don akwai wata 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci. Mutane su tofar su yi tsaki, shi ke nan. Ba wanda ya damu da ɗacin nan sai da azumi ya kama.

Cikin waɗanda ake ɗauka akwai ɗan kawuna, abokin wasana tun muna yara. Direba ne, yana jan bas daga Kibiya ta Rano zuwa Kano. Shi ɗan namiji ne, ni 'yar mace, saboda haka tun tasowarmu baiwa yake kirana, ni kuma ban taɓa barin masa ta kwana ba. Suga ya kama shi da daɗewa, yana shan magani in ya tuna. Ranar da ya fara zuwa, kafin azumi da 'yan watanni, tun daga ƙofa ya ɗaga murya.

“A'a! Wa ya ba baiwata farar riga? Likita, a duba aljihunta kafin ta tashi.”

“Zauna, tsohon banza,” na ce. “Ka bi a hankali, kujerar ba ta saba da buhu ba.”

Maza su suke riƙe kansu, don haka na koma gefe da audugata. Da hotonsa ya fito na ga likita ta matso da kujera. Na riga na ga isassun hotuna da zan san mai tsabta da wanda ba shi ba. Idonsa na dama ya yi ɗigo-ɗigon ja, da wasu rawaya kamar an watsa dusa. Ta ce masa ya je Kano a duba shi, kuma lallai ya dawo zagaye na gaba a sake ɗauka. Ya ce kullum ai a Kano yake yini. Bai je ba. Ni ma ban yi masa maganar ba, don an ce a ɗakin za ta kwana.

Zagaye na gaban ya faɗo a tsakiyar azumi, cikin zafin bazara. Bencin da muka saba gani cike ya zama wayam. Waɗanda suka zo ma da jin za a ɗiga sai su miƙe. Abin da ya kai maƙogwaro ya karya azumi, kowa ya san wannan tun yana yaro, kuma kowa ya ɗanɗani ɗacin a zagayen baya. Ba a iya mayar da aikin bayan shan ruwa, don masu binciken kafin magariba suke kama hanyar Kano. Na'urar kuma ba tamu ba ce ita kaɗai, kafin salla za a ɗauke ta zuwa wani gari, ba za ta dawo ba sai damina ta yi nisa.

Likita ta je ta samu limamin unguwa, ta dawo da abin da ya ce: idan ɗacin bai sauka ba azumi yana nan, idan ya sauka a kame baki a rama daga baya, kuma marar lafiya yana da uzuri. Sai ta koya mana dabara. Da an ɗiga, a rufe ido, a danne kusurwar da ke jikin hanci da yatsa, a daɗe, hanyar ta toshe. Matan ni nake danne musu. Wasu suka dawo, aka yi, ba su ji komai ba, suka je suka faɗa. Wasu suka ce sai bayan salla, ko da an gaya musu bayan salla babu na'ura. Ɗan kawuna yana cikin waɗannan. Aka kira shi a waya ya ce shi lafiyarsa ƙalau, marar lafiya ba ya kai mota Kano ya dawo, kuma tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ba zai fara a kan ɗigon ruwa ba.

Ana cikin haka aka yi mana rasuwa a Durba. Na je gaisuwa, na kwana, da safe na fito Kibiya na tarar motarsa ce a kan layi.

“Bayi a but suke zama,” ya ce.

“In na shiga but wa zai nuna maka hanya?”

Ya yi dariya ya buɗe min gaba. Da wasa na faɗa, amma ba mu yi nisa ba na daina ɗaukarsa wasa. Na lura ba ya kallon gefen dama da ido, sai ya juya kansa gaba ɗaya, kamar kaza. In ya manta bai juya ba, motar sai ta riƙa cin gefen titi. Lokacin kai taki gona ne, amalanken shanu suna ta bin bakin hanya. Kafin mu shigo Rano akwai wata a gabanmu ta dama, tun daga nesa nake ganinta. Bai rage gudu ba, bai kauce ba. Madubin gefena ya doki ƙahon sa, ya karye ya rataya. Matan baya suka ɗauki salati. Ya taka burki, ya leƙa yana zagin mai amalanken, wai daga ina ya faɗo. Mutumin tun ɗazu yana wurin.

A tashar Rano na jira fasinjan da za su sauka suka sauka, na zagaya ta tagarsa.

“Ba ka ga amalanken nan ba.”

“Ke kuma da kika gani me kika yi?”

“Rufe idon hagu ka gaya min yatsa nawa na ɗaga.”

“Matsa min, ina da lodi.”

“Gobe da hantsi ka zo a ɗauki hoton.”

“Na ce sai bayan salla. Azumi nake, ko ke ba kya yi?”

“In ba ka zo ba, jibi da safe ina Kibiya. Zan tsaya a ƙofar motar nan, duk wanda zai shiga in gaya masa abin da na gani.”

Ya dube ni. Ya ga ba wasan da muka saba ba ne.

“Ashe abin da suke biyanki ke nan? Ki leƙa cikin idon mutane ki fito tasha da shi?”

“Na ɗakin yana ɗakin. Wannan a kan titi na gani, ni da mata cike da mota.”

“Da iyalina fa? Ke za ki ciyar da su?”

“Makaho ma ba ya ciyar da su.”

Ya ja gilas ya rufe. Na tafi aiki.

Da na ce zan yi, zan yi ne. Na riga na tanadi abin da zan gaya wa likita na neman izinin safiyar jibi. Amma washegari da hantsi sai ga shi, ya ba wani motar. Bai yi sallama da ƙarfi ba, bai kula ni ba. Likita ta yi masa bayanin danne kusurwar ido, ta nuna masa a nata idon. Ya ce ya ji. Mai hoto ya ɗiga masa a duka biyun, ya runtse, ya sa yatsu biyu ya danne. Ɗakin ya yi shiru sai ƙarar fanka.

Shi mutum ne da shiru yake yi wa wuya. Tun muna yara ko a makabarta sai an harare shi. Ina tsaye ina ninke auduga, ya ji motsina.

“Tana nan?” ya tambayi mai hoto.

“Iya? Tana nan, Alhaji. Kada dai ka saki.”

“Likita, kin san wacce kika ɗauka aiki kuwa? Wannan da kike gani, tana yarinya ta taɓa korar ɓarawon akuya da taɓarya har bayan gari.”

“Ka yi shiru ka danne,” na ce.

“Ji ta! A gidan ubana aka yaye ta, yau ita ce mai ba ni oda.” Sai ya saki idon dama ya nuno inda yake jin muryata. “Ke, wallahi ba don...”

“Alhaji, hannunka!” in ji likita.

Ya mayar da yatsan da sauri. Ya ci gaba da dannewa har aka ce ya isa. Ya buɗe ido yana ƙiftawa, hawayen maganin suna bin kumatunsa. Muka jira baƙin idon ya buɗe. Can na ga maƙogwaronsa ya motsa, fuskarsa ta canza. Ya nemi inda zai tofar, na miƙa masa kwanon auduga. Ya tofar, ya sake tofarwa.

“Ya sauka,” ya ce.

Mai hoto ya ce, “Sannu, Alhaji. Allah ya ga niyya.”

Na zaci ɗan kawuna zai tashi ya fita, na matsa kusa da ƙofa, ko da yake ban san me zan yi ba in ya taso. Sai ya ja kujera ya ɗora haɓa a kan ƙarfen.

“Tunda an yi asarar, a ɗauka.”

Kansa yana rawa. Mai hoto ya gwada, hoton ya fito dishi-dishi, ya sake, haka. Mai hoton ya ɗago ya dube ni. Na zo na dafe wa ɗan kawuna ƙeya kamar yadda nake yi wa mata. Gumi ya jiƙa hularsa. Bai ce in cire hannu ba.

Hoton idon dama ya fito kamar an zuba jini a ruwa, jijiyoyin ma ba a gani sosai. Wannan ban yi mamaki ba. Na hagun ne likita ta tsaya a kansa. A zagayen baya kusan tsaf yake, yanzu ɗige-ɗigen sun fito, har da wasu siraran jijiyoyi sababbi da suka cure wuri ɗaya kamar zaren da ya harɗe. Ta juyo masa da kwamfutar, ta jera na da da na yanzu, duk da cewa da maganin a idonsa ba lallai ya ga komai ba.

“Baba, zan gaya maka gaskiya. Na dama ya yi nisa, ban yi maka alkawarinsa ba. Na hagu shi ne a hannunmu. Waɗannan sababbin jijiyoyin ba su da ƙwari, ko yaushe za su iya fashewa, in suka fashe zai koma kamar ɗan'uwansa. A Kano akwai aikin da ake yi da haske a ƙone su. A makon nan nake so ka je, ba bayan salla ba.”

“Da tuƙi fa?”

“Ka ajiye shi tukuna.”

“Tukuna zuwa yaushe?”

Ba ta ba shi rana ba.

Na kama hannun rigarsa na fito da shi, don hasken waje ya fi ƙarfinsa. Ya zauna a gindin darbejiya ya ja hula ya rufe fuska. Rana ta take, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Mai suga ne, kuma azumin ya riga ya tafi, sai na ɗebo ruwa a kofi na kai masa.

“Sha.”

“Ɗauke.”

“Ai ramawa za ka yi ko ka sha ko ba ka sha ba.”

“Na ce ki ɗauke. Watan bai fita ba don nawa ya karye.”

Na ajiye kofin a gefensa na koma ciki, akwai mata suna jira. Da na fito da la'asar ruwan yana nan, ƙura ta kwanta a kansa. Na raka shi tasha. Motarsa ta dawo daga Kano, ya buɗe gaba ya zauna a kujerar fasinja. Direbobi suka yi ta tsokanarsa wai yau Alhaji ya zama mai mota, ya yi musu murmushi.

Matarsa da babban ɗansa ne suka kai shi asibitin Kano a makon. An yi masa aikin hasken, ya koma an ƙara. Na'urarmu ta tafi kafin salla kamar yadda aka ce, ta dawo da damina, na koma bakin aikina. A cikin waɗanda suka ce sai bayan salla, yawanci sun dawo ba abin da ya same su. Akwai wata mai saƙar faifai daga Saji da aka jawo ta da sanda. Na riƙe mata kai kamar kowa.

Shi ma ya zo a wannan zagayen. Da azumin ya wuce ba maganar ɗaci, aka ɗiga, ya tofar, aka ɗauka. Na hagu ya cika da tabon ƙuna, ƙanana a jere, amma likita ta ce haka ake so, jijiyoyin nan sun bushe. Na dama bai dawo ba, haske da duhu kawai yake bambancewa da shi. Da na hagun yana gane mutum daga tsallaken titi, yana zuwa masallaci da ƙafarsa ba mai ja. Da yamma in rana ta yi sanyi ganinsa yana raguwa, sai ya koma gida da wuri.

Mota kuwa bai sake ja ba. Dama ba tasa ba ce, mai motar ya ba wanda ya riƙe masa ita a ranar nan. Yanzu yana tashar Kibiya yana kiran fasinja, muryarsa dama ta isa. Azumin ya rama shi tun a watan salla, matarsa ce ta gaya min. Muna haɗuwa a suna da gaisuwar mutuwa, mu gaisa, ya tambayi yara in tambayi nasa. Na ji yana gaya wa mutanen tasha cewa ni na sauke shi daga mota. Ban taɓa musa masa ba.